Zaɓen RAM don kwamfutar haɗa kiɗa

Kafin ka kashe sefa ko ɗaya, tabbatar RAM ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ce ta gaza. Buɗe aikinka mafi nauyi a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, ka danna Ctrl+Shift+Esc don buɗe Task Manager, mai nuna yawan RAM da ake ci. In Windows ɗinka na Faransanci ne, kamar yadda aka saba a Garwa da Marwa, Gestionnaire des tâches zai fito, duba Mémoire. In ta kusa cika, ƙari ya wajaba. In kuwa rabi ta ci amma sauti na yankewa, sayen RAM asarar kuɗi ne: farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ce ta gaji. A saitin sauti na FL Studio, ɗaga buffer (yawan sautin da ake tarawa kafin a fitar) daga 128 zuwa 512, ka koma kan direban sauti na ASIO.

GB 8 ta isa ɗaukar murya da ɗan kiɗa mara yawa. Mai aiki kullum ya nemi 16. Sai mai lodin Kontakt, manhajar sautukan kayan kiɗa da aka naɗa, da su goge, fiyano da ganguna na samfur, shi ne 32 za ta yi wa rana, don waɗannan sautuka a RAM suke zama. Da ta cika, Windows ya koma ajiya a faifai, shi kuwa faifai tafiyar hawainiya yake yi. Windows mai bit 32 ba ya ganin fiye da kusan GB 4, ko nawa ka zuba.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne irin RAM ɗin. DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar kowacce daban take, kada ka matsa da ƙarfi. Ta laftof gajeriya ce, ana kiranta SO-DIMM. Tsofaffin laftof na hannu da yawa DDR3L suke so, mai volt 1.35, ka sa musu ta 1.5, wasu ko tashi ba za su yi ba. Manhajar CPU-Z za ta nuna maka iri da gudun RAM ɗinka. MacBook mai M1 kuwa tasa a manne take, ba a ƙarawa.

Sandunan RAM biyu na GB 8 iri ɗaya sun fi guda ta 16, saboda hanya biyu suke buɗewa. Ka haɗa mai gudu 3200 da mai 2400, duka 2400 za su bi.

Wajen sakawa, cire caja da batir in yana cirewa, ka taɓa ƙarfe tukuna. Lokacin hunturu jiki na tara lantarkin da ke iya ƙona sanda. Hure ƙurar ramin. Ta hannu ka saya? Yi sharaɗin mayarwa da mai shago, ka bar manhajar gwajin RAM ta MemTest86 ta kwana a kanta. Kuskure ko ɗaya ya fito, mayar masa da abarsa.