Hukuncin da ya dace da laifin ɗalibi

'Yan uwa malamai, a sa hukunci ya yi daidai da laifi. Wanda ya yi rubutu a bango, shi zai goge bayan an tashi. Mai surutu kuwa, a fara kiran sunansa sau ɗaya, in bai daina ba a dawo da shi benci na gaba. Kada a kore shi waje, abin da yake nema ke nan, darasi kuma ya wuce shi. Faɗa a keɓe ake yi, domin kunyata yaro gaban abokansa taurin kai yake ƙara masa. Idan ya maimaita sau 3 a mako, a rubuta da kwanan wata, a kira iyayensa.