Yadda ake haɗa aiki da karatun digiri a tsarin koyon sana'a na Ingila

Tun shekarar 2015 aka buɗe wata hanya a Ingila da matashi zai kama aiki a kamfani, ana biyansa albashi, kuma yana karatun digiri a jami'a ba tare da ya biya ko sisi ba. Kuɗin makarantar yana fitowa ne mafi yawa daga harajin koyon sana'a da aka fara karɓa a watan Afrilun 2017 daga kamfanonin da jimillar albashin ma'aikatansu ta haura fam miliyan 3 a shekara. Rolls-Royce da BAE Systems da Jaguar Land Rover duk suna ɗaukar matasa ta wannan hanya a fannin injiniya da kwamfuta, karatun kuma yakan ci shekara uku zuwa shida. Garaɓasa ce, amma wanda ya shiga ya zama yaron iyayengida biyu, kowanne yana ganin aikinsa ne kan gaba.

Matakin farko, tun kafin ka san hanyar kantin ofis, shi ne ka karanta takardar tsarin horo da kai da kamfani da jami'a kuka sa wa hannu. A cikinta aka rubuta lokacin karatunka. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a da ita ce kashi 20 cikin 100 na lokacin aiki, daga Agustan 2022 zuwa Yulin 2025 kuma aka yi aiki da aƙalla awa 6 a mako ga mai cikakken aiki. Wasu jami'o'in rana ɗaya suke ɗauka kowane mako, wasu kuma su tara su, a kwashe ka mako guda ko biyu a jere. Abin da sababbi ke mantawa shi ne wannan lokacin yana cikin awannin da ake biyanka. Haƙƙinka ne, babu wanda ya yi maka alfarma.

Na biyu, ka tsare ranar nan. Toshe ta a kalandar ofis daga yau har ƙarshen zango, ka kashe saƙonnin aiki a wayarka. Ranar da oga ya ce "ɗan leƙo taron nan, rabin awa ne kawai", ka amsa da ladabi cewa ranar makaranta ce, ka ba shi wani lokacin. Da wuya ga yaro ɗan shekara 18 da aka tarbiyyantar da kada ya ce wa babba a'a, na sani. Amma in ka bari sau ɗaya, mako na gaba rabin awar ta zama awa uku, kuma kai ne za ka biya bashin da daren Lahadi. In da gaske aiki ya tsaya sai da kai, ka je, sannan ka nemi a rama maka ranar a rubuce.

Na uku, ka riƙa rubuta awannin horonka duk Juma'a kafin ka tashi. Lacca, zama kusa da ƙwararre kana kallon yadda yake aiki, koyon sabuwar manhaja a lokacin aiki, duk suna shiga lissafi muddin sabon abu ne da ya shafi karatunka. Minti goma ne. Wanda ya bari sai ƙarshen zango zai zauna yana ƙirƙiro abin da ya yi wata uku baya.

Mataki na huɗu ya fi sauran amfani a ganina: ka sa aiki ya riƙa yi maka karatu. Da zarar an ba ku jerin ayyukan zango da ranakun miƙa su, ka kai wa ogan sashenka ku duba tare. In akwai darasin rumbun bayanai, ka roƙa a ba ka aikin da ya taɓa rumbun bayanan kamfani a wannan watan. In lissafin ƙarfin ƙarfe ake koya muku, ka nemi zama da masu gwajin kaya. Ta haka rahoto ɗaya zai biya buƙata biyu, kuma abin da malami ya zana a allo za ka gan shi a hannunka washegari, abin da ɗalibin jami'a zalla ba ya samu. Sai dai ka nemi izini kafin ka sa bayanan kamfani a aikin makaranta, musamman a kamfanin kayan tsaro, inda hoto ɗaya zai iya raba ka da aikin. A wannan zaman ne kuma za ku gano makonnin da jarrabawa za ta yi karo da ranar miƙa aikin kwastoma, a raba nauyin tun da sauran lokaci.

Duk da haka ranar karatu ba za ta isa ba. Ka ware yamma biyu a mako da safiyar Asabar, ka bar rana ɗaya cur babu littafi babu kwamfuta. Hutun shekara kuwa, aƙalla kwana 20 ne ban da ranakun hutun gwamnati, kada ka ƙarar da shi kaf a bitar jarrabawa. Mai azumi ya duba kalanda da wuri ya nemi sauyin lokacin shiga aiki.

Kusan duk bayan wata uku za a zauna da kai da oga da wakilin jami'a a duba inda aka kwana. Kada ka je ka ce "komai lafiya" alhali kana nutsewa. Faɗi darasin da ya gagare ka da ranakun karatun da aiki ya cinye, a rubuta. In rashin lafiya ko rasuwa ta same ka, jami'o'i suna da hanyar neman ƙarin lokaci, tsarin ma ya yarda a dakatar da karatun na ɗan lokaci a dawo.

Daga shekarar farko ka buɗe jaka ɗaya a kwamfuta kana ajiye shaidar duk aikin da ka yi: zane, rahoto, saƙon yabo daga abokin aiki, da layi biyu kan abin da ka koya. A ƙarshen tafiya akwai tantancewa ta musamman ban da jarrabawar jami'a, inda za a zaunar da kai a tambaye ka ayyukan da ka yi da hannunka, har da na shekara huɗu baya.