Yadda ake naɗe kaya masu saurin fashewa, irin su tangaran, da takarda kafin a aika su

Ba sai da leda mai kumfa ba. Takarda ma tana kare kaya, ga shi tana ruɓewa idan an yar da ita.

1. Dunƙule takarda ka shimfiɗa a gindin kwali mai ƙarfi, kaurin santimita 5.
2. Naɗe kowane abu shi kaɗai, ninki biyu ko uku. Idan kofin tangaran ne, fara cusa takarda a cikinsa, sannan ka naɗe mariƙinsa daban, don shi ya fi saurin karyewa. Jarida kam ka bar ta, tawadarta tana ɓata kaya.
3. Farantai a tsaye ake jera su.
4. Cike duk wani gurbi, ka rufe kwalin, ka girgiza shi. In ka ji motsi, ƙara takarda.
5. Liƙe da salatif na takarda.