Yaronki yana cewa "luwa"? Ga yadda za ki bi da shi

Abin da ke ban haushi a gidajenmu nan Gombe, yaro ya ce "luwa" maimakon ruwa sai kowa ya kwashe da dariya, a yi ta sa shi yana maimaitawa gaban baƙi, gobe kuma a dawo ana cewa ai tsamin baki gare shi. To 'yar uwa saurara.

Kunne ke riga baki. Jariri ɗan wata 6 yana bambance sautukan yaren da bai taɓa ji ba ma, amma kafin ya cika shekara kunnen ya tsaya kan yaren gida, wata mai bincike a Kanada, Janet Werker, ta nuna haka tun 1984. Don haka ki riƙa yi masa hira tun yana goye, kina masa wanka kina magana, kina tuƙa tuwo kina magana, ba ki jingina shi gaban waya ba. In ya fara gwarancin ba-ba-ba, ma-ma-ma ki amsa masa, sautin leɓe ne ya fi sauƙi shi ya sa suke fara fitowa.

Yanzu gwada wannan. In ya ce "luwa" ki ce "luwa kake so?" Sau da yawa za ki ga ya ɓata rai, don shi a kunnensa ruwa ya faɗa, harshen ne bai kai ba tukuna. Ke nan tsawa ba ta da amfani, kuma bayan wannan gwajin kar ki riƙa kwaikwayonsa, kawai ki ce "ruwa kake so? Ga ruwa" ki wuce. R ɗin Hausa ma fa iri biyu ne, na ruwa daban na rubutu daban, ga ƙ ga ts, waɗannan sukan makara.

In kakarsa Fulatanci take masa a bar ta don Allah, yare biyu ba ya rikita yaro.

Amma in ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko kunnensa yana zubar da ruwa, ko ya kai shekara 2 ba kalma ko ɗaya, kar ki tsaya jin "ai babansa ma haka ya yi", ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a auna jinsa.