Yadda Ake Zaɓar Tauraro Kafin Gina Duniyar Wasan Sararin Samaniya

Mai jan ragamar wasan ƙagaggen labarin kimiyya yakan fara da zana birane da jirage, ya bar tauraro sai ƙarshe. An yi sakiyar da ba ruwa, domin tsawon shekara, kalar hasken rana, har da ko wata halitta za ta iya tasowa a wurin, duk daga tauraron suke fitowa.

Fara da rukuni. Masana sun jera taurari da haruffa bakwai, O, B, A, F, G, K, M, tsarin da Annie Jump Cannon ta daidaita a Jami'ar Harvard. O shuɗi ne, zafinsa ya haura digiri 30,000, kuma cikin shekaru 'yan miliyoyi yake ƙonewa. Ranarmu G ce, zafin samanta kusan 5,800 a ma'aunin Kelvin, rayuwarta kimanin shekara biliyan 10. M ja ne, ƙarami, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin da ke kewaye da mu irinsa ne.

In kana son sa'a ta yanke, jefa dayis biyu irin na ludo, kamar yadda wasan Traveller na 1977 ke ƙirƙirar duniyoyi: 2 zuwa 8 ka ba M, 9 da 10 K, 11 G, 12 kuma F ko abin da ya fi shi.

Sai lissafi, a nan ne aikin yake. Ɗauki nauyin Rana a matsayin 1, a ce tauraronka K ne mai nauyi 0.8. A kalkuleta ka ɗaga 0.8 zuwa ƙarfin 3.5, za ka samu 0.46, wato haskensa bai kai rabin na Rana ba. Danna alamar √ a kan 0.46, ya ba ka 0.68. Wannan shi ne nisan da ruwa zai zauna bai daskare ba, bai ƙafe ba, idan ka auna da nisanmu da Rana, kilomita miliyan 150. Tsawon shekara kuwa da dokar Kepler, wadda ta danganta nisan duniya daga tauraro da tsawon zagayenta, ake fitar da shi: ninka 0.68 da kansa sau uku, raba da 0.8, sake danna √. Sakamakon 0.63 na shekararmu, kimanin kwana 229 ke nan. Kalandar mutanenka da lokacin nomansu sun fito.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora tsohuwar daula ta 'yan asali a gefen shuɗin tauraro don kawai ya yi kyau a hoto. Sai da duniyarmu ta shafe kusan shekara biliyan 4 kafin dabbobi su bayyana, O kuwa ya daɗe da fashewa kafin nan. Wurin ya dace da masu haƙar ma'adinai da suka zo ci-rani.

M ma da tasa matsalar. Dole duniyar ta matso kusa, kamar Proxima Centauri b, wata duniya mai zagaya tauraro M da aka gano a 2016, wadda ke kammala zagaye cikin kwana 11. Kusancin yakan sa fuska ɗaya ta kafe tana kallon tauraron, gefe guda rana ba faɗuwa, ɗayan dare ba wayewa, ga feshin wuta da irin waɗannan taurari ke yi ba zato. Zaunar da garuruwanka a tsakiya, inda kullum tamkar magariba ce, ka gina musu mafaka a ƙarƙashin ƙasa.

Kafin ranar wasa, saka alƙalumanka a Universe Sandbox, manhajar da ke kwaikwayon motsin taurari da duniyoyi, ka bar su su yi ta juyawa. In duniyoyi biyu sun yi kusa da juna fiye da kima, za ka ga ɗaya ta fizge ɗayar daga hanyarta, sai ka ƙara tazara.