Kurakuran da ake yi wajen haɗa sola da batir wa mitar ruwa ta bayan gari

Mitar da ake ɗaurawa a jikin bututu tana ƙirga ruwan da ke wucewa, irin ta layin da ya taso daga dam ko ta babban bohol na gona, ba ta cin wuta sosai, shi ya sa ake raina ta. Amma fa ba ta barci, dare da rana aiki take, kuma ran da wuta ta ɗauke ruwa ba zai tsaya jiranta ba, zai wuce abinsa ba a ƙirga ba, wannan lissafin ya tafi kenan. Wallahi abin yana min ciwo, a sayi mita mai tsada sannan a kashe ta da batirin banza.

Babban kuskure shi ne a yi lissafi da ranar watan Maris. Lokacin rana na ƙwalla, ko wane ƙaramin fanel ka sa zai cika batir kafin azahar, sai mai haɗawa ya ce an gama ya karɓi kuɗinsa. To bari Agusta ta zo, duk ɗan Jos ya san marka, sai a kwana uku huɗu gari a lumshe, nan ne ake gane wanda ya iya aiki. Da Agusta ake lissafi. A ce mita da na'urar ajiye bayanai da modem mai layin waya duka suna jan wat 5, a awa 24 ya zama 120Wh (wat sau awa), a kan batir mai 12V wajen 10Ah kenan kullum, Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa. Kana so ta jure kwana huɗu ba rana, 40Ah, kuma batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, ka ga an kai 80Ah, sai ka ɗauki 100Ah hankalinka kwance. Fanel kuma ka ɗauka awa uku kawai yake samun rana mai ƙarfi, ka ƙara asarar waya da ƙura da abin da zai sake cika batir bayan hadari ya washe, wat 80 zuwa 100 bai yi yawa ba. Modem ɗin nan ku sa masa ido, inda netwok ba shi da ƙarfi ya fi zuƙar wuta, idan aikin bai buƙaci rahoto duk minti ba a saita shi ya riƙa turawa duk awa.

Sai batirin mota. Don Allah a daina. Shi an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu ya tada inji, idan ana sauke shi ana cikawa kullum ba ya daɗewa. Na sola ake nema, jel ko AGM, waɗanda duk na dalma ne da ba a zuba musu ruwa, ko litiyom irin wanda ake kira LiFePO4 in da hali, shi ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa. Wanda ake zuba wa ruwa ma yana aiki, amma waye zai riƙa zuwa daji duba ruwan batir? Kuma kwantirola dole, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin fanel da batir, mai yanke wuta kafin batir ya faɗi ƙasa warwas, a saita ta daidai da irin batirin, saitin dalma daban na litiyom daban.

Inda ake ajiye shi ma matsala ne. Akwatin ƙarfe a tsakiyar rana ya zama tanda, gara mu a Jos da sanyinmu, amma wanda ke aiki wajen Bwari ko Gwagwalada ya sani cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 sama da 25 yana raba kwanan batirin dalma kusan biyu. A sa akwatin a inuwar fanel, a yi masa 'yan ƙofofin iska da raga saboda ƙadangare da tururuwa. Kar a jefa shi cikin ramin mita, damina na zuwa ramin zai cika.

Fanel ya kalli kudu, a karkata shi kaɗan, digiri 10 zuwa 15. Wasu suna kwaikwayon hotunan Turai su miƙar da shi sosai, alhali mu nan kusan digiri 9 zuwa 10 muke arewa da tsakiyar duniya, rana ta saman kai take bi, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ma ta ɗan koma arewa. Wasu kuma su kwantar da shi shamɓar, ƙurar hunturu da kashin tsuntsu su zauna a kai ba abin da zai wanke. Inuwa kuwa ko ta reshe ɗaya ce tana karya wutar fanel sosai tunda ƙwayoyinsa a jere aka haɗa su, kuma filin da ka gani fetal a Fabrairu, ciyawa da masara za su iya rufe shi a Satumba, don haka ka tsaya a wurin ka duba gabas da yamma, ka tambayi masu gonar me ake shukawa.

A ɗaga shi kan dogon ƙarfe, a yi wa firam walda saboda ɓarayi, amma kar ya yi tsayin da ba za a iya goge shi da tsumma ba. Tunda ka ɗaga ƙarfe a fili a Filato to ka yi masa atin mai kyau, wato wayar da ke kai wuta cikin ƙasa, ka sa abin kariyar tsawa, waya kuma mai kauri gajeriya a cikin fayif, da fis kusa da kan batir.