Yadda na shawo kan tsuntsayen lambuna suka dawo cin tsaba

Kusan mako uku mazubin tsabar da na rataye a lambu yana cike maƙil, tsuntsaye su sauka, su caccaka sau biyu su tashi. Na fara zargin kyanwar maƙwabta. Ashe laifin nawa ne.

Da na sauke mazubin na juye shi, tsabar da ke can ƙasansa ta dunƙule kamar laka, fumfuna ta yi mata fari-fari, ga warin ruɓa. Ruwan sama ne ke shiga ta bakin murfi, ni kuma kullum ƙari nake yi a kan tsohuwa. Buhun ma da na duba, haɗin mai araha ne, an cika shi da alkama da fasasshen wake, waɗanda ƙananan tsuntsaye ke watsarwa ƙasa. Na murƙushe 'yan ƙwayoyi a farar takarda, ko ɗigon maiƙo babu, sun bushe ƙayau.

Na zubar da komai. Na wanke mazubin da bilic, wato sinadarin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, kashi 1 cikin ruwa kashi 9, na ɗauraye sosai, na shanya har ya bushe sarai. Sai na sayo baƙaƙen 'ya'yan sunfulawa, masu sirantar ɓawo da yawan mai, na haɗa da ɗan gero. Yanzu abin da za su cinye a kwana biyu kawai nake zubawa, sauran yana cikin gwangwani mai murfi, nesa da danshi.

Ba su yarda nan take ba, sai a kwana na biyar na ga ɓawo warwatse a gindin bishiyar da mazubin ke rataye.